Auta Na Cin Ƙanƙara, Gwaggo Ta Ce Ciki Ne

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri. Ban taɓa kai maganar gidanmu waje ba, amma yau na rasa wanda zan tunkara. Ƙanwata tana ƙarewa a gabana, ana zarginta da abin da nake da yaƙinin ba ta yi ba, hujjar da za ta wanke ta tana hannuna, bakina kuma ya ƙi buɗuwa.

Ni saurayi ne, bara na gama jami'a, ilimin ƙididdiga na karanta. Aiki bai samu ba tukuna, sai tura takardu da jiran kira. Mu huɗu ne a gida yanzu: Baba, direban babbar mota, wanda yakan yi makonni a hanya, Mama, da ke sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, ni, sai ƙanwata da kowa ke kira Auta. Yayyenmu mata biyu suna gidajen aurensu, nesa da mu. Shekarun Auta goma sha tara, tana koyon ɗinki a wani shago da ke saman bene a bakin titi. Tunda ba ni da wurin zuwa da safe, firiza biyun da Mama ke sana'a da su suka dawo hannuna. Ni ke ɗura ruwa a leda, in ƙulle, in jera, in zauna gadin wuta. A gida Farfesa ake ce mini. Gwaggo, yayar Baba, ita ta ƙara masa wutsiya ya zama Farfesan Ƙanƙara.

A firizar nan na fara ganin abin. Kin san ɓurɓushin ƙanƙarar da ke taruwa a jikin bangonta, wanda sai an kankare lokaci-lokaci. Sai na riƙa tarar da bangon tas, da sawun cokali a jiki. Har na ji daɗi, na ɗauka Mama ce ke rage mini aiki. Wata safiya na fito na iske Auta ta tura rabin jikinta cikin firiza, tana kankara tana kaiwa baki kamar mai shan fura. Ta yi dariya ta ce zafi take ji. Alhali da na karɓi cokalin, hannunta ya fi cokalin sanyi. Daga nan ta koma fasa ƙulli guda a cikin tawul, ta cika fulas ta tafi da shi shago. In tana ɗaki, ta bango kana jin ƙurus-ƙurus. Mama ta ce yarinyar nan za ta cinye mana jari, muka yi dariya, aka bar maganar.

Sai haske. Maƙwabta suka fara ce mata ta yi kyau, wane mai take shafawa ne. Ita har daɗi take ji. Mama ta birkice ɗakinta tana neman man bilicin, ba ta ga komai ba sai man da muke shafawa duk gida. Ni kuwa da na dube ta da kyau, hasken bai yi mini kama da na mai ba. Ya fi kama da rigar da ta sha wanki ta koɗe. Leɓenta ya yi fari, tafin hannunta ma haka.

Ina so in faɗi abin da na gani da idona kawai, kada in ƙara gishiri. Benen shagonsu da can a guje take hawa. Yanzu in na raka ta da kaya, sai ta tsaya a tsakiya ta ciro waya kamar ana kiranta, alhali haki take yi, ina ganin jijiyar wuyanta tana bugawa. Uwar ɗakinta mai shago ta kawo ƙara gida sau biyu, wai Auta ta zama malalaciya, tana gyangyaɗi a kan keke, ta manta awo, har ta yanka hannun rigar wata ba daidai ba. Ciwon kai kusan kullum, sai ta sayi ƙwaya a tebur ta haɗiye. Gashinta yana cika matsefi. Farcenta yana karyewa, na babban yatsa har ya lotsa a tsakiya. Cin abincinta kuwa, da safe baƙin shayi mai kauri da burodi, da rana shayi da biskit a shago, da yamma ta tsakuri abin da aka dafa ta kora da wani shayin. Nama tun tana ƙarama ba ta so, a kwanona take jefa nata, ni kuma in cinye in yi godiya.

Talatar da ta wuce ta faɗi a kan benen nan. Allah ya sa akwai mata biyu a bayanta suka tare ta. Aka kawo ta gida a mota, aka yi rashin sa'a Gwaggo na nan ta kawo ziyara. Aka kwantar da Auta a falo, Mama na yi mata fifita tana ba da labari: jiri, kasala, yawan barci, haske, cin ƙanƙara. Gwaggo na ji tana gyaɗa kai. Da Mama ta gama, sai ta ce ita haihuwarta tara, ba ta buƙatar tabarau kafin ta karanta wannan. Ta juya ta tambayi Auta yaushe rabonta da al'ada. A gabana, Anti. A gaban maƙwabciyarmu da ta shigo sayen ƙanƙara da bokiti a hannu. Auta ta ɗago ta dube ni, ta dubi matar, ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Gwaggo ta tafa hannu ta saki salati. Shi ke nan, shirun ya zama amsa. Kafin la'asar har ta samo uban cikin, wani mai sayar da zare da maɓalli a ƙasan shagonsu, wanda laifinsa ya taɓa rako Auta gida da lema ana ruwa.

To ga abin da na sani wanda su ba su sani ba. Ki yi mini afuwa, da kyar nake rubuta shi.

Shekara huɗu da suka wuce, bayan yayyenmu sun bar gida, na dawo daga makaranta na tarar da baƙar leda rataye a hannun ƙofar ɗakina. A ciki akwai fankon ledar audugar mata. Na daɗe tsaye kafin na gane. Kyamis ɗin layinmu samari ne ke zama a ƙofarsa, Auta ba ta iya ratsa su ta sayi wannan abu, Mama kuwa a lokacin kullum tana kasuwa. Na ɗauki ledar na kai wa matar da ke tsaron kyamis ɗin, ta leƙa ciki, ta cika ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na rataye a ƙofar Auta. Tun daga ranar haka muke yi, don daga gida na yi jami'a. Ita ba ta taɓa cewa na gode ba, ni ban taɓa cewa ga shi ba. Mukan yi faɗa kan caja, kan rimot, kan wanda zai wanke kwano, amma wannan magana ko da wasa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Mama ta ɗauka Auta da kanta take saye.

Da, sau ɗaya a wata ledar ke zuwa. Kimanin wata takwas da suka wuce ta koma sau biyu, yanzu har sau uku. Mai kyamis da kanta ta canza ta koma sako manya, irin masu kauri. A watan jiya ta karya al'adarmu, ta dube ni ta tambaya ko mai ledar lafiya take. Na ce lafiya lau, na fito. Leda ta ƙarshe kwana huɗu kafin faɗuwar Auta na same ta.

Na san ba likita ba ne ni, kuma karatuna ya koya mini kada in ce na tabbata da abin da ban auna ba. Na karanta cewa mai ciki ma tana iya ganin jini. Amma Anti, wane irin ciki ne zai yi wata takwas yana zubar da jini, mai shi tana ramewa, siket yana zame mata? Duk abin da na karanta a kan ƙarancin jini ya hau kanta kamar an gwada: haki, jiri, fari, farce, gashi, har cin ƙanƙarar na gani a rubuce. Sai dai garin bincike na faɗa kan wasu cututtukan da sunansu kaɗai ya hana ni cin abinci, har da dajin jini. Sikila dai an gwada mu tun muna yara, ba mu da ita.

Za ki ce to me nake jira. Na gwada. Washegarin faɗuwarta na ce wa Mama ina ganin jininta ne ya yi ƙasa. Gwaggo na gefe, ta ce to Farfesa, ina jinin ya tafi, wuƙa ce ta yanke ta ko sauro ne ya zo da jarka? Kafin in haɗa kalma, ta ƙara da cewa 'yan matan yanzu sun san ƙwayoyin da suke haɗiya su yi ta zubar da jini a ɓoye, kada wanda ya raina mata hankali. Idan na yi shiru, Auta mai ciki ce. Idan na ce jini take zubarwa, Auta ta zubar da ciki. Hujjar da nake riƙe da ita tana iya zama igiyar da za a ɗaure ta. Ban da haka, da wane ido zan dubi mahaifiyata in ce na san kwanakin ƙanwata? Kuma Auta amana ta ba ni. Ba ta furta ba, amma amana ce.

Na ce a je asibiti. Mama ta ce 'yar maƙwabta tana aiki a can, kafin mu karɓi kati unguwa ta ji. Auta kuma ta cikin ƙofa ta ce ba inda za ta je a gwada ta kamar ɓarauniya, wanda ya yarda da ita ya yarda, wanda bai yarda ba Allah ya isa. Tun ranar ba ta koma shago ba. Abinci sai an ajiye a ƙofa, ya yi sanyi a ɗauke. Ƙarar taunar ƙanƙara kawai nake ji in san tana da rai. Jiya na ga ta fito banɗaki tana dafa bango, ta zauna a dakali ta huta kafin ta kai ɗakinta, tazarar da ba ta kai tsawon tabarma uku ba.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne kwalba. Gwaggo ta kawo wani jiƙo baƙi ƙirin daga wurin wani mai magani, wai a ba Auta ya wanke mata ciki kafin Baba ya dawo ranar Asabar, a rufa masa asiri. Mama ba ta ba ta ba, ba ta kuma zubar ba. Ta tura kwalbar bayan firiza. A lokaci guda kuma tana sayo jan lemon kwalba da madara tana ajiye wa Auta a ƙofa, wai suna ƙara jini, wato rabin zuciyarta yana tare da ni. Gwaggo ta ce jibi za ta dawo, in Mama ba ta iya ba ita za ta ɗura mata da hannunta, in kuma an hana ta, da bakinta za ta gaya wa Baba. Baba mutumin kirki ne, amma yana jin maganar yayarsa kamar ta uwa.

Na yi tunanin in zubar da kwalbar, amma za ta sayo wata. Na yi tunanin in sayo maganin ƙarin jini in sa a baƙar leda in rataye mata, amma ban san wanne ba, ban san ko zai cutar ba. Na yi tunanin in kira yayyenmu, sai na ga kamar ƙara faɗaɗa zancen zan yi. Anti, shin abin da nake zato shi ne? Jinin wata-wata zai iya kai yarinya ga wannan hali? Zai iya kashe ta? Kuma ta ina zan fara, ba tare da na tona mata asiri ko na jefa ta cikin zargin da ya fi wannan muni ba? Don Allah kada ki jinkirta.

Yayan Auta

*

Ɗana Yayan Auta,

Na tura maka wannan amsa a ranar da saƙonka ya iso, na kuma buga ta a nan da izininka, don gidanku ba shi kaɗai ke da Auta ba. Ni ba likita ba ce, shi ya sa na karanta wa wata likitar mata wasiƙarka kafin na ɗauki biro.

Kwalba tukuna. Ko ɗigo kada ya shiga bakin yarinyar nan. Ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma duk abin da aka ce yana wanke ciki yana iya tsinka jini ko ya sa gudawa. Jikin da ba ya iya zuwa banɗaki sai da hutu ba shi da rarar da zai bayar. Ko da a ce Gwaggo ce ke da gaskiya, haɗarin kwalbar ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Ka ɗauke ta daga bayan firiza, ka gaya wa Mama kai ka ɗauke.

Sai asibiti, kuma yau, ba Asabar ba. Ka tambaye ni ko jinin wata-wata zai iya kai mace ga haka. Ƙwarai kuwa, yana ma cikin manyan dalilan ƙarancin jini a 'yan mata. Jini shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya raba wa sassan jiki, kuma jiki na buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, kafin ya ƙera shi. Idan abin da ke fita duk wata ya fi wanda ke shiga ta abinci, sai ajiya ta ƙare a hankali. Zuciya ta kama gudu don ta cike giɓi, shi ne hakin da bugun da ka gani a bene. Jiri, ciwon kai, mantuwa, sanyin hannu, zubar gashi, lotsawar farce, duk 'yan gida ɗaya ne. Sha'awar tauna ƙanƙara, ko farar ƙasa, ko ɗanyar shinkafa, sananniyar alama ce ta ƙarancin wannan sinadari, a mai ciki da marar ciki. Shayin da take kora kowane abinci da shi yana hana jiki tsotsar ɗan abin da ta ci. Wasu ƙwayoyin ciwon kai kuma suna ƙara zubar jini ko su jawo gyambon ciki.

Amma daga wasiƙa ba a yanke hukunci. Tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, gyambon ciki, duk suna rage jini. Ita kanta yawan zubar tana da nata dalilin da sai an bincika, ko rikicewar sinadaran jiki, ko ƙari a mahaifa, ko jinin da ba ya saurin daskarewa, kuma galibinsu ana maganinsu. Ɗan jini kaɗan za a ɗiba a gwada a ga inda aka kwana. Ka ajiye wayar nan da sunayen cututtukan da ke hana ka cin abinci. Abin da ka zayyana ya fi kama da wanda aka saba gani kullum. Ka tambaya ko zai iya kisa. Idan aka yi sakaci ya yi tsanani, yana iya gajiyar da zuciya. Idan aka kama shi, yana daga cikin masu saurin jin magani. Idan ta sake suma, ko tana haki a zaune, ko ƙirjinta na ciwo, ko tana jiƙa auduga cikin awa guda, ko guda-gudan jini na fita, kada ka tsaya neman yardar kowa, ka nemo mota.

Yanzu Gwaggo da Mama. Ka yi musu adalci. Alamun nan da gaske sun yi kama da na ƙaramin ciki, kuma mace mai haihuwa tara da abin da ta sani take auna komai. Tsoro ne ya kama ta, tsoron sunan gidan ƙanenta. Kuskurenta biyu ne, kuma manya: ta yi tambayar ɗaki a tsakar falo, sannan ta kawo magani kafin a san cuta. Yarinyar da aka yi wa wannan tambaya a gaban yayanta namiji da mai bokiti, ko mene ne gaskiyarta shiru za ta yi. Mama kuwa ka riga ka karance ta daidai. Uwar da ta ɓoye kwalba ta sayo madara tana jiran wanda zai ba ta dalili ne ta tsaya wa 'yarta. Dalilin yana wurinka.

Ka fara da Auta. Ka tsaya a ƙofarta lokacin da ba kowa, ka ce mata ka yarda da ita. Tun Talata ba wanda ya gaya mata haka, har kai. Sannan ka ce ka lura ledar ta yawaita, kana tsoron jininta ne ke ƙarewa, kana so Mama ta sani. Ba sai ta buɗe ƙofa ba, ba sai kun haɗa ido ba. Ka ba ta zaɓi: ko ita ta faɗa, ko kai, ko babbar yayarku ta waya. Kiran yaya ba faɗaɗa zance ba ne, 'yar'uwarta ce. Ka kuma gaya mata tun yanzu cewa mai yiwuwa likita ya nemi gwajin ciki, don kusan duk macen da ta zo da zubar jini ana yi mata, matar aure ko budurwa, a sirrance, ba don Gwaggo ta ce ba. Gara ta ji daga bakinka da ta tarar da shi a can ta ɗauka tarko kuka ɗana mata.

Daga nan ka sami Mama ita kaɗai. Magana biyu ce: shekara huɗu kai ke yi wa Auta wannan sayayya, kuma wata takwas ke nan abin ya ninka. Kunyar ba za ta wuce minti guda ba, kuma ina kyautata zaton ba raini za ka gani a idon mahaifiyarka ba. Tsoronka na zargi na biyu na gane shi, shi ya sa ban ce ka tara mutane ba. Abin da ya ɗauki wata takwas yana ƙaruwa a hankali bai yi kama da abin da Gwaggo ke nufi ba, amma ba aikinka ba ne ka yi musu da ita. Ka bar likita ya yi wa Mama bayani, da yardar Auta, Mama kuma ta ji da Gwaggo. In asibitin kusa ne matsala, ku shiga mota ku je na gaba. Baba kuwa, Mama ta riga kowa kiransa ta ce yarinya ba lafiya, an kai ta asibiti. Wannan gaskiya ce, kuma ita ya kamata ta fara shiga kunnensa.

A gaban likita, halinka na bin diddigi zai yi rana. Ka taimaka wa Auta ta tuna yaushe abin ya fara, kwana nawa yake yi, sau nawa take canzawa, wace ƙwaya take sha don ciwon kai. Ku tafi da fankon ƙwayar. Kada ka sayo maganin ƙarin jini da ka, don ba kowane ƙarancin jini ne ke son magani iri ɗaya ba, kuma ya kamata a nemi dalilin zubar. Kai da ke ɗura ruwa a leda ka san abin da ke faruwa in ledar na yoyo. Idan an rubuta mata ƙwayar ƙarfe, watanni ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. Tana iya sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, kada ta tsorata ta watsar, ta koma ta faɗa. A ɓoye ta daga yara. A sha da ruwa ko lemon zaƙi, ba da shayi ko madara ba. Shayin ma ta ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu daga abinci. Hanta, nama, kifi, wake, alayyafo da sauran koren ganye su yawaita a kwanonta. Jan lemon Mama launi ne kawai da sukari. Naman da take jefa maka kuwa, Farfesa, ka ci rabonka na shekaru, daga yau ka mayar wa mai shi.

Ku kuma iyaye da yayye da ke karanta wannan, in yarinya ta yi haske ba mai, ta yi lalaci ba halinta ba, ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba. In ta yi fari maimakon ja, ku tambaye ta lafiyarta a ɗaki, a hankali, kafin ku tambaye ta wani abu.

Ɗana, ka ce Auta ba ta taɓa yi maka wannan magana ba. Ni ina ganin wata takwas ke nan tana yi maka ita. Ba ta kai ledar ƙofar Mama ba, ba ta kai ta ƙawa ba, ƙofarka take ratayewa, sau biyu, sau uku, ta san kuma kai ba ka iya ganin abu ba ka lissafa ba. Ledar ta faɗi iya abin da za ta iya faɗa. Saura kai.

Allah ya ba Auta lafiya, ya mayar mata da ƙarfin hawa benenta a guje, ya sanyaya zuciyar Mama da ta Gwaggo, ya dawo da Baba lafiya. Kai kuma Allah ya kawo aikin da kake jira, ya saka maka da alherin wannan zumunci. Tashi ka je ƙofarta.